Musayar Kakanni

A ajin da nake koyarwa yanzu a Goronyo akwai wani benci can baya, kusa da taga, wanda aka ƙera don mutum uku. Tun farkon shekara yaro guda ne ke zama a kansa, alhali sauran bencinan a cushe suke, wasu ɗaliban ma kwali suke shimfiɗawa a ƙasa. Yaron Bafillace ne, shi kaɗai ne Bafillacen da ya rage cikin 'yan ajin ƙarshe, kuma kakansa ya aiko cewa zai cire shi tun ba a kai ga jarrabawa ba. Ni tsoho ne da aka taso daga hutun ritaya don in koya wa yaran nan tarihin Nijeriya, domin an nemi masu koyar da shi an rasa. Da na karɓi aikin na ɗauka gwiwoyina ne za su ba ni wahala, ashe bencin nan ne zai hana ni sakat, shi ne kuma ya yi ta mayar da ni ƙuruciyata ko ina so ko ba na so.

Mu da muka tashi a wajen Marnona ba agogo ke tashe mu ba, luguden mata ne. Ka ji shi daga gida zuwa gida, wata ta fara wata ta amsa, sai ka san lokacin kai wa jaki dusa ya yi. Da rani muna fadama muna ban ruwan albasa da jigo har tafin hannu ya yi kanta, da damina muna bayan manya da 'yar hauya muna ɓata musu kunya suna zaginmu. Amma lokacin da na fi so shi ne bayan girbi, in an ɗaure dammunan gero an kai rumbu. A nan ne mahaifina kan aike ni ruga in gaya musu gona ta buɗe. Shanu su shigo su ci kara su bar mana taki, matan ruga su biyo da ƙorai a ka, a auna nono a auna hatsi, a yi ta tsiya da juna. Har rige-rige manoma ke yi a kan gonar wa za a fara sauka, na taɓa ganin kawuna ya yi fushi da mahaifina har ya daina gaishe shi saboda ya riga shi aikawa. Yau in ka faɗa wa yaro haka sai ya dube ka ya kau da kai, a ransa yana cewa tsufa ya fara taɓa Malam. Ban ce ba a faɗa a lokacin ba. Ana yi, har kai akan fasa. Sai dai akwai ƙofar mai gari da ake zuwa a zauna, kuma kafin kasuwar Gandi ta zagayo za ka ga mai fasasshen kan da wanda ya fasa suna ɓare goro guda.

Da na shiga sakandare a wajen Wurno na haɗu da malamin da ya juya mini rayuwa. Dogo ne siriri, yana da wani keke marar birki wanda da diddige yake tsayar da shi, shi ya sa takalminsa na dama kullum a cinye yake. Ba mu kiransa da komai sai Malam Tarihi. Ya koya mana abin da ke cikin littafi, daulolin da suka gabata a Arewa da Kudu, zuwan Turawa, yadda aka ɗinke ƙasar ta zama guda, karɓar 'yanci, da yaƙin basasa wanda a lokacin waɗanda suka yi shi suna nan da ƙarfinsu. Amma in ka zo masa da haddar shekaru kana taƙama sai ya ce aku ma in an ba shi gyaɗa zai yi hakan. Yana da wata al'ada tasa da ba ta cikin kowane manhaji, ita ce musayar kakanni. In 'yan ajin ƙarshe za su tafi hutun kaka sai ya haɗa su biyu-biyu, kuma ba ya haɗa ka da ɗan garinku ko irinka. Kai ka tafi gidansu, shi ya tafi gidanku. Ka riƙe goro, ka yi aikin da yaran gidan ke yi, kada ka rubuta komai, kada ka yi gardama da tsoho. In an dawo ka miƙe gaban aji ka ba da labarin da aka ba ka a matsayin ɗan wancan gidan, mai kakan kuwa yana zaune ba shi da ta cewa.

"Kowa ya san labarin gidansu," in ji shi. "Wanga ba ilimi ba na. Abin da nika so, ka ɗauko na maƙwabcinka bisa kai, ka ji nauyinai."

Ni sai aka haɗa ni da wani Bafillace ɗan wata ruga a bayan Gandi, wanda kullum muke tsokanar juna, ina ce masa mai warin man shanu yana ce mini mai cin tuwo da ƙasa a farce. Na yi ta gunaguni, domin na so a tura ni gidan wani ɗan attajiri da ake cewa da rediyo a ɗakinsu. Na tafi ina ja da ƙafa. Kakarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, ta karɓi goron ta jefa a ƙwarya ba ta ko duba ba, ta nuna mini dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, ta ce in ɗaure su. Maraƙin farko ya yi mini harbin da har yau in hadari ya haɗu ƙaurina na tunawa. Ta yi dariya har da hawaye, daga nan ta raɗa mini suna ɗan Kaɗo, wato ɗan Bahaushe. Na kwana na wuni, na sake kwana, ina ɗebo ruwa ina share kashin shanu ina jin ƙarar goran da take kaɗa nono a ciki, ba ta ce mini uffan a kan labari ba. Sai wata hantsi, bayan shanu sun fita, ta miƙo mini ƙwarya ta ce in zauna.

Ta ba ni labarin wata shekara da ruwa ya ɗauke tun tana amarya. Tafkuna sun ƙafe, sun kora shanu zuwa wata rijiya a gefen fadamar Marnona, rijiyar da iyayensu suka sa hannu wajen haƙa ta. Suka tarar an shinge ta da ƙaya, maza na tsaye da sanduna. Shanun sun ji ƙamshin ruwa suna ta kuka, ba a bar su ba. Jar saniyar da mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki ta durƙusa tana kallon rijiyar, ba ta sake tashi ba. Tsohuwar nan ba ta rage murya ba, ba ta kuma ɗaga ba.

"Ka san wanda yat tsaya gaba da sanda?" ta tambaye ni. "Kakanka na. Mai tabo ga goshi. Tun randa kaz zo nig gane ka ga tahiya." Ta tura mini ƙwaryar da ƙafa. "Sha nononka, ɗan Kaɗo. Ba kai kay yi ba."

Na sha. Kakan nan nawa shi ke ba ni ƙosai ranar kasuwa, shi ke kare ni in mahaifina ya ɗauko tsumagiya.

Ranar da muka koma makaranta, aka zo kaina, na miƙe. Na ce shekarar da manoma suka toshe mana rijiya, na ce saniyarmu, na ce kakata, na siffanta mutumin mai tabo a goshi tamkar ban taɓa zama a cinyarsa ba. Da na gama na ji kunya ta lulluɓe ni, ban iya kallon kowa ba. Sai abokina ya miƙe. Ya ce shekarar da Fulani suka cinye mana gero. Ashe shekarar guda ce. Kafin a shinge rijiyar, wani garke ya afka wa gona ɗaya tilo da ta tsira a fadama, ana saura kaɗan a girbe, ya bar ta fili. A yunwar da ta biyo baya 'yar kakana ƙarama ta rasu, ƙanwar mahaifina, wadda a gidanmu ba a taɓa ambata mini ita ba. Abokina na cewa gwaggona, gwaggona, sai ya tsaya yana share ido da hannun riga a kan yarinyar da ba ta haɗa komai da shi ba.

Malam Tarihi ya tambaya wa ke da gaskiya. Nan fa aka kaure, wannan ya ce mai gona, wancan ya ce mai saniya, ya bar mu muka yi ta yi har muka gaji. Sa'annan ya ɗauki alli ya zana taswirar Nijeriya a allo, da kogunan nan biyu da suka haɗu a tsakiya.

"Wagga ƙasa taku haka take," ya ce. "Shekara guda, bakuna barkatai. Wanda yaj ji baki guda yac ce ya san tarihi, shi nika tsoro, ba jahili ba."

A ranar ya fara mana darasin yaƙin basasa. Ya ba mu shi daga bakin uwar soja a Rabah da ke jiran ɗanta, ya kuma ba mu shi daga bakin wata uwa a can Gabas da ke riƙe da yaro ciki ya kumbura. Ban taɓa zuwa Gabas ba a lokacin, amma na fita ajin nan ina jin matar kamar na taɓa cin tuwonta. Daga ranar na san aikin da zan yi a duniya.

Na yi shi kuwa. Na koyar a Wurno, na koyar a Rabah, kuma duk shekara sai na yi musayar kakanni. Na tura 'ya'yan masunta gidan maƙera, na tura 'ya'yan 'yan kasuwar albasa ruga, har ɗan wani ma'aikaci mutumin Kudu na taɓa turawa wani ƙauye ya dawo yana cewa kakanmu da bakinsa na Hausa mai gargada, aji na ta dariya shi ko a jikinsa. Sai wata shekara aka wayi gari an cire tarihi daga jadawalin darussa. Aka ce ba ya kawo aiki, aka ce yara su fuskanci kimiyya. Mun yi magana, maganar ba ta wuce ɗakin malamai ba. Aka ba ni wasu darussa na cike gurbi, littattafan tarihi aka tara su a wani ɗaki gara ta yi biki. Yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru su ne magidanta yau, ba wanda ya taɓa zaunar da su gaban tsohon wani gida. Ban ce wannan ne ya kawo mana abin da ya same mu ba, abin ya fi haka girma da tushe. Amma na san da ya zo, bai tarar da komai a tsaye a gabansa ba.

Kowa a nan ya san abin da nake nufi. Daji ya lalace. Ƙarar babur da a da ke nufin baƙo ya iso, yau in an ji ta daga nesa mata 'ya'yansu suke sura. Ƙauyukan da na tura ɗalibai sun zama kango, gonakin da aka yi rige-rigen taki a kansu ciyawa ta cinye. An kashe manoma a bakin kunyar gona, an ƙone rugage, an kore wa Fulani shanunsu su ma. Abokin nan nawa, labarinsa na ƙarshe da na ji shi ne ya tsallaka iyaka da 'yan shanun da suka rage masa, ban san ko yana raye ba. Yanzu da aka maido da tarihi aka ce mu koyar, ina tsaye gaban yaran da rabinsu gudun hijira ya kawo su Goronyo, ina gaya musu yadda aka haɗa ƙasa ta zama guda, su kuwa benci guda ya gagare su haɗawa.

Yaran ba dolaye ba ne, kada a ji ni ba daidai ba. Sun fi mu wayo nesa ba kusa ba, da waya a hannu sun san abin da ke faruwa a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Bafillacen nan kuwa ya fi kowa a darasina. Shi ne ya taɓa tambayata ko an tambayi mutanen ƙasar kafin a haɗa su, tambayar da na yi shekaru ina jiran wani ya yi. Ba sa zaginsa, ba sa dukansa. Kawai in ya miƙa littafi ba mai karɓa daga hannunsa, in an tashi tara shi kaɗai ke tsaye a gindin dogonyaro. Da saƙon kakansa ya iso na ce a raina ba ni da wani makami sai wanda Malam Tarihi ya bar mini. In ɗalibi ko guda ya taka ya je ya zauna gaban tsohon nan, wataƙila ya ga akwai abin da jikansa zai zauna dominsa. Tafiya ma babu, domin kakannin duka suna cikin gari yanzu, a cushe a gidajen dangi da rumfunan zana.

Na yi musu bayanin musayar, suka yi ta shewa, abin ya ba su sha'awa. Na fara haɗawa, ɗan masunta da ɗan mahauta, 'yar gari da 'yar ƙauye, ana tsokana ana dariya. Da na zo kan yaron na tambaya wa zai je wurin kakansa, dariyar ta ɗauke. Na sake tambaya. Na kira wani, ya ce ƙafarsa na ciwo. Na kira wani, ya sunkuyar da kai. Sai wata yarinya da ke zama a gaba ta miƙe, mai ƙoƙari ce ƙwarai, an kashe mahaifinta a gona a wajen Gandi yana cikin noma.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "In tahi in zamna gabanai, in dawo nan in miƙe in ce kakana? In ce shanunmu? To wa za shi miƙe shi ce babana? Ni na wanke rigar da anka kawo shi da ita."

Na buɗe baki in ce ba yaron nan ya yi ba, in ce su ma an yi musu. Duk gaskiya ne, kuma duk ta sani. Sai na fasa. Yaron bai ɗago ba, yana ta goge wani abu a bencinsa da ɗan yatsa. Aka kaɗa ƙarfen tashi, na ji daɗin ƙarar, na kuma ji haushin kaina da na ji daɗin.

Da la'asar na sayi goro na hau bayan ɗan acaɓa na tafi da kaina. Suna zaune a bayan rumfunan albasa, inda warin ruɓaɓɓiya ke hana numfashi, cikin wata bukkar zana da buhu. Tsohon sa'ana ne, ko ma in girme shi. Ya shimfiɗa mini buzu, ya ba ni haƙuri cewa babu nono. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na ce ya ba ni labarin gidansu in kai aji da bakina. Ya yi murmushi, ya girgiza kai.

"Malam, ni da kai mi za mu gaya ma juna? Abin da nis sani ka sani. Ka ga lokacin da nig gani. In na zuba maka, ranar da anka ɗauke mu tare za a rufe da shi. Yaran na nika so su ji. Ina su?"

Na ce za su zo, a ba su lokaci. Ya ce lokacin ne babu. An kore musu shanu a daji don su Fulani ne masu shanu, sun shigo gari ana nuna su da baki don su Fulani ne marasa shanu. Ranar kasuwa za su bi motar da ta kawo hatsi su yi gaba, wurin wasu dangi can nesa. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi kamar yadda ban taɓa roƙon mutum ba. Na ce ya bar mini yaron a gidana har ya rubuta jarrabawa, ci da sha da sutura duk a wuyana, na ce yaron nan malami ne in an bar shi. Ya saurare ni har na gama.

"Na yarda da kai, Malam," ya ce. "Gidanka gida na. Amma in na bar maka shi, wa za shi zamna kusa da shi?"

Na bi fuskokin ajin nan ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, daga gaba har baya, ina neman sunan da zan ambata ba tare da na yi wa tsoho ƙarya ba. Ban samu ba. Ya ga ban samu ba, ya ɓare goron ya miƙo mini rabi.

Ranar kasuwa suka tafi. Washegarin da aka koma makaranta na shiga aji na tarar yara uku sun riga sun zauna a bencin, ba wanda ya tambayi ina mai shi. Na koyar da abin da ke gabana, ban san ma me na ce ba. Da aka tashi ina haɗa takarduna sai na ga yarinyar nan tsaye a bakin ƙofa, ta jira kowa ya fita.

"Malam, na yi magana da innata," ta ce. "Ta ce in tahi, amma in tahi da ƙanena. Ba ni ce mishi kaka, wanga kam ba ni iyawa. So nike in tambaye shi yadda abin ga yaf fara, tunda shi ya ga lokacin da ba haka ba. Ina na gidan?"

Na ce mata sun tashi.

Ta tsaya tana kallona, goro a ƙulle a bakin mayafinta.

"To Malam, wa za ni tambaya?"